Walƙiyar da Ido Ba Ya Gani: Daga Ina Take Fitowa?

Ka taɓa zama a hostel da dare an ɗauke wuta, wani ya haska tocila sau ɗaya daga nesa ya kashe? Kafin ka waiga, shi ke nan. Ka ga haske, amma ba ka san mai shi ba. To, irin matsalar da masana taurari suka daɗe suna fama da ita ke nan.

Akwai wata walƙiya ta hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, da ke bayyana a sararin samaniya na 'yan mintuna ko sa'o'i, sai ta ɓace. Iskar da ta lulluɓe duniya ba ta barin wannan haske ya iso ƙasa, sai tauraron ɗan'adam ne ke iya ganinsa.

A da, sau da yawa sai bayan watanni ko shekaru ake tsintar walƙiyar a tsofaffin bayanan na'urar Chandra ta Amurka. Lokacin kuwa sawu ya riga ya ɓace. An dai taɓa dacewa a Janairun 2008: tauraron ɗan'adam na Swift yana kallon wani gungun taurari, sai ga walƙiya a gabansa. Da aka bi diddigi, ashe wani ƙaton tauraro ne ya fara fashewa.

Ranar 9 ga Janairun 2024 ƙasar Sin ta harba Einstein Probe. An kwaikwayi idon wani nau'in jatan lande na teku wajen ƙera madubansa, shi ya sa yake hango yanki mai faɗi lokaci guda. Da zarar ya ga walƙiya sai ya aiko sanarwa, manyan na'urorin hangen nesa a Chile da Hawai su juya su nemi ɗan hasken da ya rage a wurin. Daga launukansa ake auna nisa.

Sakamakon fa? Wadda aka kama ranar 15 ga Maris 2024, haskenta ya yi kusan shekara biliyan 12.5 a hanya. Ta Janairun 2025 kuwa an gano fashewar tauraro ce ta biyo bayanta. Masana na ganin wutar da ta taso daga cikinsa ce ta kasa huda shi ta fito.

Kun ga ke nan, abin da ya canza shi ne saurin isar da saƙo. Wannan kuwa aikin injiniyoyi ne da masu kwamfuta, irin abin da muke koyo a nan.