Hasumiyar Fitila ta Bakin Teku

Matafiyin da dare ya yi masa a daji, tsakanin Sheme da Faskari, in ya hango wuta daga nesa sai hankalinsa ya kwanta, don ya san gari ya yi kusa. To, haka matuƙan jiragen ruwa suke. A cikin teku babu turba, babu wanda za a tambaya hanya. Ga kuma duwatsu da tudun rairayi ɓoye cikin ruwa kusa da gaɓa. Jirgin da ya yi karo da su sai ya fashe, mutane da dukiya su halaka. Saboda haka ake gina doguwar hasumiya a bakin teku, a ɗora mata babbar fitila.

Kowace fitila da irin ƙyaftawarta. Wata ta haska sau biyu ta ɗauke, wata sau huɗu. Da matuƙi ya ƙirga, ya duba littafinsa, sai ya san garin da ya dosa.

Inda mashigar jirage take da ƙunci kuwa, hasumiya biyu ake ginawa, gajera a gaba, doguwa a bayanta. In matuƙi ya ga fitilar baya ta hau daidai bisa ta gaba, ya san yana tsakiyar hanya. In sun rabu, sai ya karkata jirgi wajen ta gaba har su sāke haɗuwa. Yaro yana iya gwada wannan a filin makaranta da kara biyu, dogo da gajere.

Akwai wata tsohuwar hasumiyar fitila a Ankara, babban birnin Gana, inda Hausawa suke da zango tun zamanin kakanni. Tana unguwar Jamestown. Turawan Ingila suka gina ta fari a 1871, aka sāke ta da wadda take tsaye yanzu bayan 1930. Tsawonta mita 28 ne, wato kusan biyun Gobarau ta Katsina. A da manyan jirage ba su iya matsowa gaɓar Ankara, sai su tsaya can nesa, a yi ta jigilar kaya da kwalekwale. A 1962 aka buɗe tashar Tema, jirage suka koma can.

An shafe hasumiyar da ja da fari, don a gane ta da rana. Baƙi sukan zo su ɗauki hotonta da hantsi ko da la'asar, su juya wa rana baya don hoton ya fita sarai. Wanda ya sami izni ya hau samanta, zai ga jiragen masunta, da ganuwar James Fort ta 1673, da teku iyakar ganinsa. Gani ya kori ji.

Tambayoyi
1. Don me ake gina hasumiyar fitila?
2. In fitilu biyu sun rabu, me matuƙi zai yi?
3. A wace shekara aka buɗe tashar Tema?