Na'urar da Ta Karanta Ƙasar Zamfara

A farkon shekarar 2010, ƙananan yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, bayan amai da jijjiga. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta fara bin sawun lamarin, kuma gwajin jini ya nuna gubar dalma. Duwatsun zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje, wani lokaci da injin niƙan hatsi, cike suke da dalma. Yara sama da 400 suka rasu.

Magani kaɗai bai isa ba, domin yaron da aka sallama zai koma rarrafe a ƙasar da ta cutar da shi. Sai an gano inda gubar take, alhali ido ba ya bambanta gurɓatacciyar ƙasa da mai kyau.

A nan ne na'urar XRF ta yi rana. Da hannu ɗaya ake riƙe ta. Ma'aikaci zai tsuguna a tsakar gida, ya kafa bakinta a ƙasa, ya danna. Sai ta harba hasken eksre, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Hasken yakan fizge elektiron daga cikin ƙwayar zarra, wani ya faɗo ya cike gurbin, a lokacin kuma ƙwayar ta fitar da nata hasken. Ƙarfin wannan haske ya bambanta daga sinadari zuwa sinadari, kamar yadda zanen yatsa ke bambanta mutane: na dalma daban, na ƙarfe daban, na tagulla daban. Baturen Ingila Henry Moseley ne ya fayyace ƙa'idar wannan bambanci a 1913. Cikin kusan minti guda adadin dalmar da ke ƙasar yakan fito a fuskar na'urar.

Masana daga kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith ta Amurka sun bi ƙauyukan Dareta da 'Yargalma gida-gida, daga baya Bagega a 2013. Sun auna zaure, bakin rijiya, gindin turmi da ɗakunan kwana, suna sa kowane adadi a taswirar gidan. Ma'aunin Amurka na dalma a ƙasar da yara ke wasa a kai a lokacin kashi 400 ne cikin miliyan, amma a wasu wuraren niƙa an samu fiye da 100,000. Da taswirar aka san inda za a kankare ƙasa a binne, a zubo sabuwa.

Na'urar tana da iyaka. Saman abu kawai take gani, danshi yana rage daidaiton awonta, kuma ba ta jin sinadarai marasa nauyi irin su kabon. Shi ya sa ake tura wasu samfura ɗakin gwaji don tabbatarwa.

Da wannan fasaha masana'antun siminti ke auna farar ƙasa kafin ta shiga tanda, haka kuma motar Perseverance ke bincikar duwatsun duniyar Mars tun 2021.