Kundin da ba a karantawa: Yadda ake haɗa littafin boka na fim a Kano

Duk wanda ya saba kallon fina-finan Hausa na almara ya san wannan fitowar: boka zaune a kogo, hayaƙi na tashi, ya jawo wani ƙaton littafi mai kama da ya shekara ɗari, ya buɗe yana surkulle.

Sau da yawa littafin nan bai yi ko mako guda a duniya ba. Kayansa kuwa, tsakanin Sabon Gari da Kantin Kwari da Fagge ake tattaro su.

Yin shiga don kwaikwayon wani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Idan azumi ya kai kwana goma yara kan fito tashe, wani da gemun auduga, wani riƙe da allo. Daga baya fim ya shigo, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. A Legas ma, tun 2012 ake taron Lagos Comic Con, inda matasa ke shigar jaruman littattafan zane. Kowace shiga kuma tana son abin riƙewa a hannu.

Daga kwamfuta zuwa ruwan shayi

Aikin yakan fara ne a shagunan buga takardu na Sabon Gari, inda ake tsara shafuka a kwamfuta: taswirar ƙasar da babu ita, zanen taurari, hoton dodo.

Injin da za a buga da shi yana da muhimmanci. Tawadar ruwa takan zuba idan takarda ta jiƙe, shi ya sa masu aikin suka fi son injin mai garin tawada, domin mataki na gaba jiƙawa ne. Ana tsoma takardun cikin baƙin shayi mai kauri, a shanya su, sannan a ɗan babbake gefensu da kyandir.

Bayan sun bushe sai a ninke su kashi-kashi, a ɗinke da zare mai ƙarfi, a yanko kwali mai kauri a yi bango.

A nan Kantin Kwari ke shigowa. A wannan kasuwa, wadda ke cikin manyan kasuwannin yadi a Afirka ta Yamma, ake neman karan-miski ko wani yadi mai duhu da za a lulluɓe bangon da gam. Telolin Fagge, waɗanda suka yi suna wajen aikin wuya, kan zana tambari da zare mai ruwan gwal. Mai son fata ta gaske kuwa sai ya nufi Kasuwar Kurmi.

Tsadar takarda ta sa an koyi dabara. Mafi yawan takardar da ake amfani da ita a Najeriya daga waje ake shigo da ita, kuma farashinta ya tashi bayan faɗuwar darajar naira a 2023. Don haka shafukan tsakiya kaɗai ake bugawa, waɗanda kyamara za ta gani. Sauran kaurin, tsofaffin jaridu ne ko soso.

Inda gizo ke saƙar

Babbar matsalar ita ce abin da za a rubuta a ciki.

Littafin sihiri na fina-finan Turawa ɗinkakke ne, mai makulli. Kundin malaman ƙasar Hausa ba haka yake ba: warwararrun takardu ne da ake ɗaurewa tsakanin bango biyu, a saka cikin gafaka, an rubuta su da Larabci ko ajami. Mai son littafinsa ya yi kama da na gida, hannunsa zai kai ga waɗannan haruffa.

A nan ake iya yin ɓarna. Wanda bai iya karatun Larabci ba zai iya kwaso rubutu daga intanet don ado kawai, bai san aya ko sunan Allah ya ɗauko ba. Littafin fim kuwa jefar da shi ake yi, a taka shi, wani lokaci a ƙona shi a ƙarshen labari. A gari irin Kano, inda ake tsince takarda mai ayar Alƙur'ani daga ƙasa don girmamawa, wannan kuskure ya isa ya jawo wa fim fushin jama'a, ko tambaya daga Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa a 2001.

Mafita mai sauƙi ce: a ƙirƙiro haruffan da ba na kowane harshe ba, ko a cika shafi da zane. Idan labarin ya tilasta a ga ajami, sai a rubuta zancen Hausa na yau da kullum, a kai wa malami ya duba kafin a kai wurin bugawa.

Masu sana'ar suna da rumbun da za su ɗiba, domin almarar Hausa ta daɗe a rubuce. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, da suka fito a 1934, cike suke da aljanu da ƙasashe masu nisa, waɗanda har yau za a iya zana taswirarsu a shafin tsakiya.