Ƙullutu cikin nono: a jira, ko a ɗebo a duba?

Mata da yawa sukan ji ƙullutu cikin nononsu, su yi shiru don kunya ko tsoro. Jama'a, ku sani ba kowane ƙullutu ne ciwon daji ba, wato kansa. Mafi yawansu ba su da lahani. Akwai mai santsi, mai gudu ƙarƙashin yatsa, wanda ya fi fitowa ga ƴan mata da masu ƙuruciya. Akwai mai ruwa a ciki. Amma taɓawa da hannu kaɗai ba ta rarrabe su. Kuma a Nijar, kansar nono ita ce kan gaba cikin kansar da ke kama mata.

In mace ta je gidan likita, za a duba ta, a aika ta ɗaukar hoton nono. Wani lokaci likita ya ce: "Wannan bai yi kama da mugun ciwo ba." Cikin ƙullutu 100 da hoto ya nuna haka, bai fi 2 ba ke zama kansa. Daga nan hanya biyu ce.

Hanya ta farko: a sa ido

Ba a taɓa ƙullutun ba. Mace ta koma gida, ta dawo bayan wata 6 a sake hoto, a auna. Sannan ta dawo bayan shekara 1, da bayan shekara 2. In bai girma ba, hankali ya kwanta.

Hanya ta biyu: a ɗebo a duba

Likitoci na kiran wannan biyopsi. Ana kashe zafin wurin, a sa allura a ɗebo ɗan tsoka siriri, a kai ɗakin bincike. Aikin bai cika wuce rabin awa ba, kuma ba a kwana. Wurin yakan yi tsami kwana kaɗan. Allurar ba ta watsa ciwo cikin jiki, kamar yadda waɗansu ke faɗi. Ita ke bada amsa tabbatacciya.

Wace za a ɗauka?

In mace ta haura shekara 40, ko uwarta ko ƴar'uwarta ta yi kansar nono, ta faɗa wa likita, don abin ya fi son a ɗebo. Haka in ƙullutun na girma, ko ya yi tauri ya kafe, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fid da jini, ko fata ta yi kamar ɓawon lemu, ko kaluluwa ta fito a hammata. Nan babu jira.

Mu mutanen karkara muna da wata tambaya kuma: za ta iya dawowa ranar da aka sa? Wata 6 daga rani, damina ce. Manomi na gona, kuɗin mota sun ƙare, makiyayi ya yi arewa da bisashe. Sa ido ba zaman gida ba ne. Wadda ta san ba za ta dawo ba, ta gaya wa likita gaskiya, ta nemi a ɗebo tun tana nan.

Maigida, wannan da kai ne. Ka bada izini, ka tanadi kuɗin mota tun kaka. Kada a kai ta wurin wanzami a yi tsaga ko sakiya. Ku da kuka koyi karatu da rubutu, ku rubuta ranar komawa, ku adana takardun likita.

In ma an sami kansa, akwai magani, muddin an kama ta da wuri. Manyan asibitocin Maraɗi, Damagaram da Tawa na aika masu ciwo Yamai, inda cibiyar yaƙi da kansa ta soma gashi da na'ura a shekara ta 2021.

Allah shi ba mu lafiya, amin.