Zaman Gida Ko Tafiya Wata Jiha: Wanne Ya Fi?

Kowace shekara da kaka, in manoma sun kai amfanin gona rumbu, akwai gardama guda da ke tashi a zauruka, watau ko saurayi ya zauna jiharsa ya nemi abinci, ko kuwa ya ɗaura kayansa ya nufi Legas, ko Abuja, ko Fatakwal. Dattawa su ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Samari su ce ai tafiya mabuɗin ilmi ce. Kowane ɓangare da gaskiyarsa, saboda haka bari mu auna maganar a tsanake.

Da farko dai tafiya ba baƙon abu ba ce gare mu. Kakanninmu sun yi fataucin goro har Gwanja, suna kora jakuna wata da watanni. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji, ya daɗe yana ciniki a ƙasar da ake kira Gana yanzu, sa'an nan ya komo Kano, ya shiga sayen gyada bayan da jirgin ƙasa ya iso a 1911. Kafin rasuwarsa a 1955 sunansa ya kai ko'ina. Unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916 aka kafa ta, ga Agege a Legas, ga Zangon Kumasi. Duk waɗannan gumin matafiya ne.

Amfanin fita kuwa a fili yake. A ƙurewar Arewa damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, wanda ba shi da fadama sai ya yi rabin shekara hannunsa sake. Wannan shi ne asalin cin rani. Mai tafiya yana rage wa rumbu baki guda, ya komo da kuɗin taki da na sutura. Albashi ma ba ɗaya ba ne. A 2024, da aka yanke mafi ƙanƙantar albashi naira 70,000, Jihar Legas ta sa nata 85,000. Ban da kuɗi, mutum yakan koyo harshe, da sana'a, da zama da wanda ba addininsu ɗaya ba. Kuma a waje ba ya jin kunyar kowane aiki na halal, alhali a gida ana cewa, ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe.

Amma akwai abin da ya bambanta zamaninmu da na fatake, shi ne kuma nake so masu karatu su lura da shi. A da Jihar Arewa guda ce. A 1967 Janar Gowon ya raba Nijeriya jiha 12, Janar Murtala ya mai da su 19 a 1976, aka yi ta ƙari har suka kai 36 a 1996. Kowane yanka da aka yi, sai wasu mutane su wayi gari baƙi ba tare da sun ɗaga ƙafa ba. Bakatsinen da ke aikin gwamnati a Kaduna ya ga haka a 1987, Bahaɗeje mazaunin Kano ya gani a 1991 da aka fitar da Jigawa.

Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon ya zauna inda ya so. Lalle haka ne, ba mai hana ka zama. Amma ranar da ɗanka zai nemi aikin gwamnati, ko tallafin karatu, ko shiga soja, sai a ce ya kawo takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma. Ita kuwa wannan takarda, a yawancin wurare, garin uba take bi, ba garin haihuwa ba. Jami'o'in jihohi da yawa suna karɓar kuɗin makaranta mafi yawa daga wanda ba ɗan jihar ba. Malamin da ya je koyarwa wata jiha sau da dama aikin kwantiragi ake ba shi, ya tsufa babu fansho. A 2011 Jihar Abiya ta sallami ma'aikatanta da yawa don ba 'yan asalinta ba ne, alhali yawancinsu harshensu ɗaya da masu jihar.

To, duba yaron da aka haifa a Agege, ubansa bai taɓa kai shi gida ba. A Legas ana kiransa baƙo. In ya zo ƙauyen kakansa neman takarda, dagaci ya ce bai san shi ba, ba kuwa zai sa hannu ga wanda bai sani ba. Yaro ya tashi ba nan, ba can. Wannan ita ce babbar hasarar da mai tafiya ba ya lissafawa ran da zai hau mota.

Har wa yau, baƙo raɓa ne. A 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, mutane suka bar gidaje da kantuna. A cikin ƙasarmu ma, rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021 ya cinye rayuka da dukiya, kuma da Legas ta hana acaba a wasu ƙananan hukumomi a 2022 samari da yawa suka rasa abin yi dare ɗaya. Ga kuɗin haya, wanda masu gidaje kan nema na shekara guda tun kafin ka ajiye tabarma.

Shi kuma mai zaman gida yana da gona, da dangi masu ɗaukar nauyinsa ran ciwo, da haƙƙin da ba mai yi masa gardama a kai. Inda aka yi madatsar ruwa, kamar Tiga da ke shayar da Kadawa da Kura, manomin rani yana samun abin da ya fi na mai gadi a birni. Ƙauye ma yana bukatarsa, gama in duk wanda ya yi ilmi ya tafi, wa zai koyar da ƙannensa, wa zai riƙe asibitin shan-magani? Sai dai kada mu ɓoye gaskiya. Aikin albashi a jihohinmu bai kai yawan masu nema ba, kuma a wasu sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato 'yan bindiga sun raba mutane da gonakinsu. Wanda aka kora ba za a ce masa ya yi zaɓi ba, taimako ya kamace shi.

Shawarata ga samari ita ce, wanda zai tafi ya tafi da sana'a a hannu ko ilmi a kai, don mai ƙarfi kaɗai shi ake fara kora. Kada ya sayar da gonar gado don kuɗin mota. Ya riƙa zuwa gida ko da sau ɗaya a shekara, ya kai 'ya'yansa su gai da dagaci da dangi, ya karɓar musu takardarsu tun suna ƙanana, gama zumunta a ƙafa take. Wanda zai zauna kuma ya zauna da aiki, ba zaman gindin bishiya ba.

Hukuma ita ma da nata. Mutumin da aka haifa a gari, ya yi karatu a nan, yana biyan haraji a nan, ya cancanci a dube shi da idon ɗan gari. Wannan doka ce da wakilanmu za su iya gyarawa in mun matsa musu. Kafin a kai ga haka, kowa ya fita ya riƙe igiyar gida da kyau. Allah ya ba mai tafiya sa'a, ya sa wa mai zama albarka, amin.