Idan Sitiyarin A-kori-kura Ya Fara Wasa

Wanda ya taɓa bin bayan tsohuwar a-kori-kura ɗauke da buhunan masara a hanyar Dawanau ya san abin da nake nufi. Motar ba ta tsayawa a layinta, ta karkata dama, direba ya maido ta, ta zarce hagu, hannunsa ba ya hutawa ko da titin a miƙe yake. In ka yi masa magana sai ya ce, "Halinta ne, sai wanda ya san ta." Wannan magana tana tayar mini da hankali, domin galibi a saman kayan nan akwai mutane zaune, kuma abin da ake kira hali wani ƙarfe ne ya ci a ƙarƙashi, yana jiran ranar da zai rabu.

Matsala biyu ce ake haɗawa wuri guda. Akwai wasa, wato ka murɗa sitiyari tayoyi ba su amsa ba sai ka yi nisa. Akwai kuma yawo, inda sitiyari yake da ƙarfi a hannu amma mota tana bin son ranta. Auna wasa ba wuya: a tsayar da mota, tayoyi a miƙe, a murɗa sitiyari a hankali har taya ta fara motsi. A littafin gyaran tsofaffin Hilux, Toyota ta sa iyakar wasan a milimita 30 a bakin sitiyari, wajen faɗin yatsu biyu ke nan. Da yawa daga cikin motocin da ke lodin kasuwannin ƙauye sun ninka haka.

Kafin a taɓa sifana, a fara da taya. A sa geji a ga iska, a tabbata na gaba biyu girmansu ɗaya, ƙirarsu ɗaya. Masu sayen taya 'yar gwanjo sukan haɗa wadda ta samu, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mota yawo. Sai lodi. Idan an danne baya har sifirin ya kwanta, gaba yakan ɗaga, tayoyin gaba su rasa nauyin da ke riƙe su a ƙasa. Motar da ke tafiya daidai in babu kaya, amma ta haukace da an yi lodi, a nemi laifin a baya, wajen sifirin da bushin ɗinsa.

Gwajin da ya fi kowanne amfani ba ya cin ko kwabo, sai dai yana buƙatar mutum biyu. Mota tana ƙasa, nauyinta a kan tayoyi, an ja birkin hannu, an sa dutse a taya. Yaron mota ya zauna yana kaɗa sitiyari dama da hagu a hankali, ba tsayawa, bakanike kuma ya leƙa ƙasa da tocila yana bin motsin gaɓa-gaɓa, daga sandar sitiyari zuwa taya. Duk inda ƙarfe ɗaya ya motsa na kusa da shi ya yi jinkiri, nan ciwon yake. Ɗora hannu a kan gaɓar ma yana taimakawa, don tafin hannu yakan ji ƙwas ɗin da ido bai gani ba. Dalilin barin motar a ƙasa shi ne nauyinta ke sa tayoyi su yi gardama, gardamar kuma ita ke tona asirin gaɓar da ta saki. In an ɗaga ta sama, komai zai juya lami lafiya.

A nan ya kamata a san irin motar. Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, tana amfani da rak ne, doguwar sanda mai haƙora. Galibin Hilux na shekarun 1980 da 1990 kuwa akwatin sitiyari gare su, da hannu da ke fitowa daga cikinsa yana tura sanduna, wasunsu kuma da wani hannun a ɗaya gefen mai tallafawa. Gaɓoɓinsu sun fi yawa, kowacce ta ci kaɗan, in aka tara sai ya zama babban wasa. A duba kan tayirod, a duba bushin ɗin hannun tallafi, a duba ko akwatin kansa yana motsi a jikin shasi saboda noti ya kwance ko ƙarfen ya tsage.

Daga nan sai jak. A ɗaga taya, a kafa motar a kan abin da ba zai zame ba, a riƙe tayar sama da ƙasa a girgiza. In ta yi motsi, ko boris ne ko boljoyin. A sa wani ya taka birki: in motsin ya ɓace, boris ne, in yana nan, boljoyin ne. Shi boljoyin ba a yi masa alƙawarin sati mai zuwa. Motocin da muke gani a gefen titi taya ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashi, yawanci shi ne ya fita.

Abin da na fi jin tsoro shi ne gaggawar ɗaure notin da ke saman akwatin sitiyari. Wani bakanike yana jin an ce wasa, sai ya ɗauko sifana ya matse shi. Haƙoran akwati sun fi ci a tsakiya, inda mota ta fi yawan tafiya, don haka in an matse fiye da kima sitiyari yakan cije, ya daina komawa tsakiya da kansa bayan kwana. Direba ya ji ya yi tauri ya ɗauka an gyara, alhali yanzu dole shi ne zai riƙa maido da motar da hannu kowane lokaci, haƙoran kuma suna ƙara cin juna. Ana taɓa wannan noti ne bayan an wanke sauran gaɓoɓi daga zargi, kaɗan-kaɗan, ana gwadawa daga ƙarshen dama zuwa ƙarshen hagu.

Alaimen shi ne na ƙarshe. Yin sa a kan tayirod da ya ci asarar kuɗi ce, ramin farko zai watsa shi. Bayan an sauya kayan, a tabbata an mayar da fin ɗin da ke kulle kowane noti, ba ƙusa ko waya ba, a sa giris inda akwai bakin sa shi, sannan a kai ta a daidaita tayoyin.