Rufin Azara: Gadon Babban Gwani da Dajin Birnin Gwari

Duk wanda ya shiga Gidan Makama a Kano, ya ɗaga kai ya dubi rufi kafin ya dubi kayan tarihin da aka jera. An gina gidan nan tun ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa. Turawa suka zauna ciki bayan 1903, aka yi makaranta a wani sashe, yau kuwa gidan adana kayan tarihi ne. Masu gida sun yi ta canzawa, amma gwanintar magina tana nan bisa kanmu.

Azara ita ce asirin wannan aiki. Daga gangar giginya ake tsaga ta, namijin ya fi ƙarfi, gara kuwa ba ta cika cin ta ba. Sai dai ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ya wuce ƙafa 6 ko makamancin haka. To, ƙaƙa aka yi manyan soraye? Magina suka riƙa jera azara cikin laka, wannan ta ɗan zarce waccan, ana ɗaure su, har baka ta tashi daga bango ta haɗu da 'yar'uwarta a tsaka. Shi ne ɗaurin guga. Tsakanin bakunan kuma sai a shimfiɗa gajerun azara, wasu a miƙe, wasu a karkace, kamar saƙar tabarma. Adon ke nan, kuma shi ne ke riƙe da ginin.

Ba wanda ya kai Babban Gwani Muhammadu Durugu a wannan sana'a. Shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Masu ba da labarin baka sun ce daga nan aka kira shi Birnin Gwari ya gina wani masallaci, da ya gama aka kashe shi don kada ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Allah ne masani.

Ginin irin nasa ba ya yiwuwa sai da daji. A 1936 En'e ta keɓe dajin Birnin Gwari, a 1999 ya zama gandun dajin ƙasa na Kamuku, mai doka da maje da kawo. Giginya kuwa takan yi shekaru da dama kafin ta isa sara, ga masu dasa ta sun yi ƙaranci, ga kwano da siminti sun shigo.

A Ingila, gidan ibada na Lakok, wanda aka kafa a 1232, ya koma gidan wani attajiri a 1540, har yau ana zuwa kallonsa, domin an kula da shi. Namu na laka ne, damina biyu ba yaɓe ta isa ta kayar da shi.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta da akawuna, in akwai tsohon soro a garinku, ku auna faɗinsa, ku zana tsarin azararsa, ku tambayi dattawa sunan maginin, ku rubuta kafin a rushe shi.